Zaman Talakan Ingila a Zamanin Da

Ran nan ina koyar da tarihi, sai wani ɗalibi ya tambaye ni, wai ko Turawa sun taɓa yi wa wani noman gandu? Na ce masa ƙwarai kuwa. To, ga amsar a nan don kowa ya samu.

Shekara ɗari bakwai da suka wuce, yawancin ƙauyukan Ingila kowanne yana ƙarƙashin wani ubangida, ko basarake ko shugaban gidan ibada. Talaka yana da 'yar gonarsa, amma tilas ya yi aiki kwana biyu ko uku a gandun ubangida kowane mako. In kaka ta yi kuma a kira gayya, ubangida ya ciyar da su.

Kowane lokaci na shekara da abin da ya kawo. Ran Kirsimeti talaka ya kai kaza, ran Ista ya kai ƙwai. Ran 1 ga Agusta a kai burodin sabuwar alkama coci. Ran 29 ga Satumba a biya kuɗin gona, a zaɓi mai lura da aikin gandu. Ran 11 ga Nuwamba a yanka dabbobi a sa wa naman gishiri, domin ba ciyawar da za ta kai su ƙarshen hunturu.

Sauran biyan ya fi ciwo. In mutum zai aurar da 'yarsa sai ya biya. In ya mutu, ubangida ya ɗauki dabbarsa mafi kyau. Hatsi kuwa ba a niƙa shi sai a injin ubangida, a kuma bar masa rabo.

Bayan kowane mako uku kotun gari takan zauna, wakilin ubangida yana shugabanta, mutanen gari su ke faɗin abin da al'ada ta ce. Wanda saniyarsa ta yi ɓarna, ko ya ƙi fita aiki, a ci shi tarar taro ko sisi. Kada ku raina wannan, gama ladan ɗan ƙodago a lokacin kwabo ɗaya ne ko biyu a yini.

A garin Sant Albans, wajen 1331, shugaban gidan ibada ya ƙwace duwatsun niƙa na mutane, ya daɓe ɗaki da su. Mutane ba su manta ba. Annobar 1348 ta kashe jama'a da yawa, ma'aikata suka yi wuya, talaka ya san darajarsa. Da tawaye ya tashi a 1381, sai suka tone duwatsun nan, suka farfasa, suka rarraba a tsakaninsu. A wurare da dama kuma aka ƙone takardun kotu.

An murƙushe tawayen, amma kafin 1500 noman tilas ya kusan ƙarewa, kuɗin haya ya maye gurbinsa. 'Yan'uwa malamai, in kun zo koyar da tarihin Ingila, kada ku tsaya kan sarakuna kaɗai. Ku ba yara labarin mai kaza da dutsen niƙa.