Hutun Ranar Asabar da Aikin da Aka Halatta a Littafi Mai Tsarki na Kirista

Kalmar Asabar ta shigo Hausa daga Larabci, tushenta kuwa ɗaya ne da na kalmar Ibrananci mai ma'anar dakatawa daga aiki. A cikin dokoki goma da Attaura ta ce an bai wa Annabi Musa, akwai umarnin a yi aiki kwana shida, a huta a rana ta bakwai. Sai dai dokar ba ta fayyace iyakar abin da za a kira aiki ba, kuma daga nan ne saɓani ya taso.

Da farko dai, Tsohon Alkawari ya kawo dalilai biyu na wannan hutu. Littafin Fitowa, sura ta 20, ya danganta shi da halittar duniya cikin kwana shida, wato rana ce keɓaɓɓiya ta Allah. Shi kuwa littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 5, ya tuna wa Isra'ilawa bautar da suka yi a Masar, domin bawa da baiwa da baƙo, har sa da jaki, su sami sararawa. Dalili na farko yana ƙarfafa tsarki, na biyu yana ƙarfafa jinƙai.

Ta fuskar tsanani, an hana hura wuta a gidaje, an hana noma ko da lokacin huɗa ne ko na girbi. Littafin Ƙidaya, sura ta 15, ya ba da labarin mutumin da aka jefe saboda ya tattara itace a ranar. Amma kuma shari'ar nan ita ce ta wajabta wa firistoci yanka 'yan raguna biyu kowace Asabar, ƙari a kan hadayar kullum, da sauya gurasar da ake ajiyewa a wuri mai tsarki. Ashe tun asali akwai aikin da ba a lissafa shi cikin keta doka.

Lamarin ya kai ga asarar rayuka wajen shekara ta 167 kafin Miladiyya, lokacin da Sarki Antiyokus na Huɗu ya tsananta wa Yahudawa. Littafin Makabiyawa na Farko, wanda Katolika ke lissafawa cikin nassi, ya ce an kashe mutum kusan dubu da suka ƙi kare kansu a ranar Asabar. Ganin haka sai Mattatiya da jama'arsa suka yanke shawarar cewa duk wanda ya kawo musu hari a ranar za su yaƙe shi. Daga bisani malaman Yahudawa suka tabbatar da ƙa'idar cewa ceton rai yana gaba da hutun Asabar, kuma littafinsu na Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya lissafa ayyuka 39 da aka haramta.

A cikin irin wannan muhawara ya kamata a karanta labaran Linjila. Da Farisiyawa suka zargi almajiran Yesu Almasihu da zagar zangarniyar hatsi, sai ya kafa hujja da Dauda, wanda yunwa ta sa ya ci gurasar firistoci, ya kuma nuna cewa don amfanin ɗan Adam aka kafa ranar. A Matiyu, sura ta 12, ya yi misali da tunkiyar da ta faɗa rami, wadda mai ita ba zai bar ta ba. Wannan ma ba kowa ya yarda da shi ba, domin ƙa'idojin jama'ar Kumran sun hana ciro dabba daga rami a ranar Asabar.

Ainihin wurin saɓanin shi ne ciwon da ba ya barazana ga rai. Matar da Luka ya ambata ta shekara 18 a tanƙware, shi ya sa shugaban majami'a ya ce akwai kwana shida na neman magani. Yesu ya amsa da cewa tun da ana kwance sa a kai shi banruwa, kwance mace daga ɗaurin cuta ya fi dacewa da ranar. Wato ya koma ga dalili na biyu, na 'yantar da bawa, bai ce an soke dokar ba.

Bayan haka Kiristocin farko suka riƙa taruwa ranar Lahadi, Bulus kuma ya gargaɗi Kolosiyawa kada su bari a hukunta su a kan Asabar. A shekara ta 321 Sarki Kustantin ya mai da Lahadi ranar hutu ga alƙalai da mazauna birane da masu sana'a, amma ya ƙyale manoma, don kada lokacin shuka ya wuce su. Har yau ɗariƙar Adbentis tana kiyaye Asabar, yawancin ɗariƙu kuwa Lahadi, kuma dukansu suna fuskantar tambaya ɗaya game da likita da ungozoma da mai kashe gobara: wane hakki ne ya fi nauyi idan biyu suka haɗu a rana ɗaya?