Darasin Kimiyya a Bakin Fadama

Da zarar damina ta kankama, ɗalibin da ya fita bayan gari da hantsi ya nufi bakin fadama zai tarar da darasin ilmin halittu a shimfiɗe gabansa. Abin da yake bukata kawai shi ne littafin rubutu da fensir da haƙuri. A nan za mu duba halittu uku da mai yawon zai iya cin karo da su, waɗanda kowanensu matafiyi ne mai bin ruwan sama.

Shamuwa

Manomi ya daɗe da sanin cewa zuwan shamuwa alama ce ta ƙaratowar shuka. Masana suna kiran ta Ciconia abdimii. Takan iso ƙasar Hausa wajajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a kan manyan itatuwan cikin gari, ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta a lokacin da fāra da tsutsotsi suka yawaita. Idan kaka ta yi, sai ta tsallaka zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda damina take somawa a daidai wannan lokaci. Duk fārar da ta ci kuwa, sauƙi ne ga gona.

Malam-buɗe-littafi

Idan ya sauka a kan fure, a lura da ƙafafunsa, domin da su yake ɗanɗano. Garin da ke maƙalewa a yatsa in an taɓa fiffikensa kuwa ƙananan ɓawo ne masu ba shi launi. Akwai wani irinsa mai ruwan goro da ɗigon baƙi da fari, Vanessa cardui, wanda ke ƙetaro Sahara daga Turai a ƙarshen damina don ya hayayyafa a yankinmu. A shekarar 2013 wani masani mai suna Gerard Talavera ya tsinci wasunsu a gaɓar tekun Guyana ta Faransa, a Kudancin Amurka. Binciken da aka buga a 2024 ya nuna cewa daga Afirka ta Yamma suka taso, suka ratsa Tekun Atlantika, tafiyar kilomita 4,200 aƙalla. Daga cikin shaidun har da garin furen sabara da na kurna da aka samu a jikinsu.

Mazari

Mazari yakan fara rayuwarsa ne a cikin ruwa, inda ɗansa ke farautar 'ya'yan sauro da sauran ƙananan halittu. Idan ya girma, fukafukansa huɗu kan motsa kowane da kansa, shi ya sa yake iya tsayawa cik a iska ko ya ja da baya. Irin nan mai ruwan ɗorawa, Pantala flavescens, yana yin ƙwai a kududdufan ruwan sama, 'ya'yansa kuma su girma cikin 'yan makonni kafin ruwan ya ƙafe. A 2009 masani Charles Anderson ya kawo hujjojin cewa yana ƙetare teku daga Indiya zuwa gabashin Afirka.

Abin da ya rage gare mu

Waɗannan matafiya duk sun dogara ne ga ruwa da itatuwa. Madatsun ruwa na Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru, maganin ƙwari kuma ba ya bambanta mai ɓarna da mai amfani. Gauraka, wanda kakanninmu suka saba gani, ya yi wuyar gani ƙwarai a Nijeriya.

Saboda haka muna kira ga malaman kimiyya da su riƙa fita da ɗalibansu. A rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka a gari, a ƙirga sheƙunanta, a tambayi dattawa sunayen tsuntsaye. In aka yi haka shekara biyar a jere, makaranta za ta iya faɗin ko shamuwar garinsu ƙaruwa take yi ko raguwa.