Rayuwar Tsutsar *Procerodes littoralis* Tsakanin Ruwan Gishiri da Ruwan Daɗi

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda wata 'yar ƙaramar tsutsa mai faɗin jiki, wadda masana ke kira *Procerodes littoralis*, take rayuwa a wurin da ɗanɗanon ruwa ke sauyawa kullum. Dangi ɗaya take da tsutsar da ke haddasa tsargiya, sai dai ita ba ta zama a jikin wata halitta.

Siffarta da Mazauninta

Tsawonta bai kai santimita 1 ba. Tana da idanu biyu da 'yan ƙahoni biyu a ka. Bakinta a ƙasan ciki yake, hanjinta ya rabu reshe uku, ba ta kuma da dubura. Kowace tsutsa tana ɗauke da gaɓoɓin namiji da na mace, tana kuma manna ƙwayayenta a jikin dutse cikin ƙunshi mai tauri.

Ana samun ta a gaɓar arewacin Tekun Atalantika, musamman Birtaniya da sauran arewa maso yammacin Turai, a ƙarƙashin duwatsu inda rafi ke malalowa cikin teku. Sau biyu a yini teku kan ciko ya rufe ta da ruwan gishiri. In ya janye, sai ta koma cikin ruwan rafi.

Yadda Take Jure Sauyin Ruwa

Bisa ƙa'ida, ruwa kan ratsa fata daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya fi yawa. Saboda haka da zarar teku ya janye, ruwa ya dinga shiga jikinta ke nan, har ta kumbura kusan ninki biyu. A 1931 Pantin ya yi nazarinta a Wembury, kusa da Plymouth a Ingila, lokacin ana kiranta *Gunda ulvae*. Ya nuna cewa sinadarin kalsiyam da ke cikin rafin shi ke rage ratsawar ruwa da zurarewar gishirin jikinta. In aka saka ta a ruwan da babu kalsiyam, sai ta yi ta kumburi har ta mutu. A 1934 kuma Beadle ya gano cewa rarar ruwan kan taru ne a cikin 'yan jakunkuna a ƙwayoyin halittar hanjinta, ta haka sauran sassan jiki ke tsira har teku ya dawo.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa rayuwar wannan tsutsa ta dogara ne a kan irin ƙasar da rafi ya ratso, domin daga can kalsiyam ke fitowa. Wanda duk ke nazarin halittun gaɓar teku, wajibi ne ya auna ruwan da ke gangarowa daga tudu, kamar yadda yake auna na teku.