Bindigar Iska Mai Sifirin: Na'urar da Ba Ta Neman Caji, Ta Haura Shekara 100 Tana Aiki

Wayar da ke hannunka, in ta kai shekara huɗu sai batirinta ya fara ba ka ciwon kai. To a Ingila da Jamus akwai masu tara wata na'ura da aka ƙera tun kafin a haifi kakanninsu, kuma har yau suna harbin takardar saiti da ita a ƙarshen mako. Ba ta da batir, ba ta da tukunyar gas, ba ta amfani da albarushi. Ita ce bindigar iska mai sifirin da fistan.

Yadda take aiki

Ka tuna famfon keke. A cikin bindigar akwai silinda, da fistan, da sifirin mai ƙarfi a bayansa. Idan ka karya bututun bindigar ƙasa, ko ka ja liban da ke ƙasa ko gefe, kana danne sifirin ne har fistan ya maƙale. Da ka taɓa kunama sai ya saki, fistan ya ruga gaba ya matse iskar da ke gabansa, iskar ta bi ta wani ɗan rami ta tunkuɗa ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5 ko 5.5. Duk ƙarfin harbin daga damtsenka ya fito.

Amma akwai matsala. Fistan yana da nauyi, kuma shi ke fara motsi kafin ƙwayar ta bar bututu. Bindigar sai ta zabura baya, sannan ta yi gaba lokacin da fistan ya tsaya, alhali ƙwayar ba ta gama fita ba. Wannan girgizar tana ɓata saiti, har takan lalata madubin hangen da ba don irin wannan bindiga aka yi shi ba. Mafi yawan ƙirar ban mamaki da masu tarawa ke nema, daga ƙoƙarin shawo kan fistan suka samo asali.

Ƙirar da ake rububi

BSA ta 1905: Lincoln Jeffries ya tsara ta, kamfanin BSA na birnin Birmingham ya ƙera. Bututunta ba ya karyewa, liba ce a ƙasa ake ja, saboda haka saiti ba ya kaucewa.

Webley Mark I ta 1924: ƙaramar bindigar hannu ce da aka ɗora bututunta a kan silinda don a rage tsawo. Bututun ne ake ɗagawa a danne sifirin, kuma fistan ɗinta baya yake gudu, wajen mai harbi.

Diana mai tsarin Giss: Kurt Giss ya sa fistan biyu, ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya a lokaci guda, sai ƙarfinsu ya kashe juna. Model 60 da Model 75 suna da wannan tsari.

Feinwerkbau 300: a nan an bar fistan ya yi abinsa, amma bututu da silinda suna kan siraran dogo, suna ɗan zamewa baya a cikin katakon bindigar, girgizar ba ta isa kafaɗa. Ta yi tashe a gasar harbin mita 10 a shekarun 1970.

Whiscombe: John Whiscombe ya ƙera su da hannu a Ingila, ba su da yawa. Fistan biyu ne ke rugowa su fuskanci juna, iska ta matsu a tsakiyarsu. Sai ka ja liba sau biyu ko uku kafin harbi ɗaya.

Sai kuma Weihrauch HW35 ta Jamus, wadda ta fito a 1951 kuma har yanzu ana ƙera ta.

Yadda masu ita ke harbi da kula da ita

Abin mamaki, mai matse bindigar da ƙarfi shi ke kuskure. Ƙwararru kan ɗora ta a tafin hannu a buɗe, su bar ta ta yi motsinta iri ɗaya a kowane harbi.

Ba a harba ta babu ƙwaya a ciki, domin iskar da ƙwayar ta toshe ita ce matashin da ke tare fistan. In babu ita, fistan zai daki ƙarshen silinda ya lalace. Tsofaffin kuma fata ce a bakin fistan ɗinsu, kamar ta famfon keke, tana buƙatar ɗan mai don kada ta bushe. Amma in man ya yi yawa, zafin iskar da aka matse zai kunna shi kamar injin dizal, ka ji ƙara da hayaƙi, sifirin ma yana iya karyewa. Wani kuskuren da ke zubar da darajarta shi ne goge tsohon launin ƙarfen a sake mata fenti, domin masu tarawa asali suke biya.

Kafin bidiyon YouTube ya ruɗe ka

Wannan ba abin wasan yara ba ne, tana iya tsiyaye ido, tana iya kisa. Ko a ƙasashen da ake wannan sha'awa akwai iyaka: a Jamus, wadda ƙarfinta ya wuce jul 7.5 sai da lasisi, shi ya sa za ka ga harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar a jikin marasa ƙarfin. A Najeriya kuwa, dokar makamai ta 1959 ta sanya bindigogin iska cikin jerin waɗanda ba a mallaka sai da lasisin 'yan sanda. Don haka kada ka ga talla a intanet ka yi oda, kana iya jefa kanka cikin shari'a. Kallon yadda aka ƙera su da fahimtar dabarar da ke ciki kuwa, data kawai zai ci maka.