Ko Ka Sani? Akwatin da Ke Raba Adireshi a Petit Marché

Ko ka san cewa duk lokacin da salularka ta hau wifi, sai ta roƙi adireshi kafin ta iya aika ko da harafi ɗaya? Ba lambar layinka ake nufi ba. Wata lamba ce mai gida huɗu, irin su 192.168.1.23, kuma aronta ake ba wayar na 'yan awoyi ko na yini guda. Mai ba da aron shi ne ƙaramin akwatin nan mai eriya da fitilu masu ƙyaftawa, wato rauta, wanda za ka gani maƙale a bangon shagunan salula, wuraren aika kuɗi da wuraren buga takardu a kewayen Petit Marché, a tsakiyar Yamai. Gobara ta cinye kasuwar a 2012, amma sunan bai bar unguwar ba, hada-hadar ma haka. Yau kusan duk mai ciniki a wurin yana buƙatar intanet, ko don ya tura wa abokin ciniki hoton kaya ta WhatsApp, ko don ya tabbatar kuɗin da aka aiko daga Maraɗi sun shigo.

Da abu ya tsaya, magana ɗaya ce a bakin kowa: babu rezo. Sai a ɗora laifin a kan kamfanin layi. Wani lokacin da gaskiyar mutane, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka ji a jikinsu. Amma sau da yawa rezon yana nan lafiya lau, rikicin a cikin shago yake, kuma rikicin adireshi ne.

Tsarin adireshin da aka fi amfani da shi, IPv4, an rubuta ƙa'idarsa a 1981, aka fara aiki da shi gadan-gadan ranar 1 ga Janairun 1983 a Amurka. Adireshi kusan biliyan 4.3 yake iya fitarwa. A wancan zamani adadin ya yi kama da abin da ba zai taɓa ƙarewa ba, domin kwamfuta sai jami'a da ma'aikatar gwamnati. Ranar 3 ga Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba ragowar kaso biyar na ƙarshe ga hukumomin yankuna biyar na duniya. Ɗaya ya zo hannun AFRINIC, mai raba wa Afirka, wadda ke da mazauni a tsibirin Moris. Daga hannunta kamfanoni irin su Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms ke samun nasu.

To ta yaya salula da kwamfuta suka ninka wannan adadi amma kowa ke hawa? Dabarar ita ce a 1994 an ware wasu jerin lambobi uku aka ce na cikin gida ne, kowa ya ɗauka ba sai ya tambaya ba: duk masu farawa da 10, waɗanda suka haura miliyan 16, masu farawa da 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168, su 65,536. Sharaɗin ɗaya ne, ba sa fita waje. Idan saƙonka zai tafi duniya, rauta ce ke cire adireshinka na cikin gida ta liƙa nata na waje, ta rubuta a ranta cewa amsar da za ta dawo taka ce. Shi ya sa shago goma a layi ɗaya za su iya samun 192.168.1.5 kowannensu, babu wanda ya taka wani. Kamfanonin layi ma haka suke yi wa abokan cinikinsu, da wani jeri mai farawa da 100.64 da aka ware musu a 2012. Starlink, wadda ta fara aiki a Nijar a 2025, ita ma da shi take haɗa yawancin masu kwanonta.

Aikin rauta a nan kamar na mai riƙe da littafin rumfunan kasuwa ne. Baƙo ya shigo ya yi shela yana neman wuri, mai littafi ya ce ga rumfa ta 23, baƙo ya ce ya karɓa, mai littafi ya rubuta suna da wa'adi. Waɗannan matakai huɗu su ne tsarin DHCP, wanda ya fito a 1993, kuma cikin ƙiftawar ido ake gama su. Sau da yawa matsalar adireshi da za ka ci karo da ita, daga shagon caji zuwa ɗakin kwamfutocin banki, ba ta wuce ɗayan waɗannan ba: ko mai littafi bai amsa ba, ko gurbi ya ƙare, ko an ba mutum biyu lamba ɗaya, ko masu littafin sun zama biyu.

Ta farko ta fi yawa a garin da ake yawan ɗauke wuta. Mutanen Yamai ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse lantarkin da take turo wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali mafi yawan wutar ƙasar daga can take zuwa. Idan wutar ta dawo, na'urar buga takardu da kyamarar tsaro kan riga rauta farkawa. Su yi ta kira, shiru. Sai na'urar ta ƙirƙira wa kanta adireshi mai farawa da 169.254. Wannan lamba ta cancanci a haddace ta. Duk na'urar da ka gan ta da ita, tana gaya maka ne cewa ta nemi adireshi ba a ba ta ba, kuma sayen sabon kati ko kiran kamfani ba zai yi maganin komai ba.

Ƙarewar gurbi kuwa ciwon masu sayar da tikitin wifi ne, waɗanda suka yawaita tun zuwan Starlink, galibinsu da rautar MikroTik ta ƙasar Latbiya. Jeri irin na 192.168.88 mutum 254 kawai yake ɗauka. A wuri mai cunkoso, duk salular da ta haɗu da wifin sai ta karɓi lamba, ko mai ita bai sayi tikiti ba. Idan wa'adin aron yini guda ne, kafin azahar littafi ya cika da sunayen mutanen da tuni suka koma Harobanda ko Talladje. Maganin shi ne a rage wa'adin, ko a faɗaɗa jerin.

Sai wadda ta fi ban haushi, domin tana zuwa tana tafiya. Mai shago ya kira yaro mai gyara.

"Ɗana, wannan kyamarar aljanu gare ta. Da safe tana yi, da yamma ta ɓace."

"Baba Alhaji, wa ya saka muku ita?"

"Wani yaro ne, bara."

"To da hannu ya rubuta mata lamba, bai gaya wa rauta ba. Duk ranar da rauta ta ba salular wani lambar nan, sai su yi ta kokawa a kanta."

Haka abin yake. Na'ura biyu suna amsa kira ɗaya, saƙo ya je wajen wannan yanzu, anjima ya je wajen wancan. Irin wannan ruɗani ake samu idan maƙwabci ya ja waya daga rautarka ya jona tasa ta ramin da bai dace ba: akwati biyu suna raba lamba a gida ɗaya, salula kuma duk wanda ya riga amsawa shi take bi. Haka nan idan ka jona wata rauta a bayan ta Starlink alhali dukansu biyu suna kan 192.168.1, ta bayan ba za ta iya bambance ciki da waje ba.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne manyan kamfanonin duniya ba su tsira daga wannan ba, sai ma abin ya fi yi musu yawa. Manhajojin da ke bayan bankuna da kamfanonin sadarwa da dama a yau ba a kan kwamfuta ɗaya suke zaune ba. Ana ƙunshe kowane yanki na manhaja da duk abin da yake buƙata a cikin abin da ake kira kwantena, salon da Docker ya yaɗa daga 2013. Sai a haɗa gungun kwamfutoci, a ɗora musu shugaba mai raba aiki. Wanda ya fi shahara shi ne Kubernetes, wanda Google ya fitar a 2014, sigarsa ta farko cikakkiya ta fito a Yulin 2015. Shi ke cewa wannan kwantena ta zauna a kwamfuta ta uku, waccan ta mutu a ta da wata a madadinta, jama'a sun yi yawa a ƙara guda goma.

Kwantena ɗaya ko 'yan kaɗan da ke aiki tare su ake kira fod, kuma dokar Kubernetes ita ce kowane fod da adireshinsa. Fod kuwa ba ya daɗewa. Wani minti kaɗan zai yi a share shi. Saboda haka a gungu guda jeri uku ake riƙewa: na kwamfutocin kansu, na fod, da na hidimomi. A bisa al'ada kowace kwamfuta ana yanka mata lamba 256 daga jerin fod, ana kuma ƙayyade mata fod 110, don a samu rarar da za ta hana a yi saurin maimaita lambar wanda bai daɗe da mutuwa ba. Jerin hidimomi shi ne mai abin al'ajabi. Lamba irin 10.96.0.10 ba ta kan wata na'ura ko kaɗan. Ƙa'ida ce kawai da aka rubuta a kowace kwamfuta cewa duk saƙon da ya nufi nan a karkatar da shi zuwa fod kaza. Shi ya sa sabon shiga kan aika mata ping, wato saƙon gwaji, ya ji shiru, ya ɗauka gungun ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau.

Kubernetes ba ya shimfiɗa hanyar sadarwar da kansa, sai an ɗora masa wata manhaja, kuma kowace da jerin da ta saba da shi. Flannel ta saba da 10.244. Calico kuwa, a tsarinta na asali, 192.168 ɗungurungum take ɗauka, wato ainihin jerin da ke cikin rautar kowane shago da ofis. Matashin da ya kafa gungun gwaji a ofishin da rautarsa ke kan 192.168.1, ya bar Calico yadda ta zo, ya gina wa kansa rigima: fod zai nemi kwamfutar ajiyar bayanai da ke ɗaki na gaba, gungun ya ɗauka ɗan gida ne, saƙon ya yi ta yawo a ciki bai fita ba. Docker ma yana da irin wannan hali da 172.17, wanda ya sha cin karo da jerin ma'aikatu. A ganina wannan ce mafi sharrin matsalolin, domin komai yana nuna kore, abu ɗaya ne tak ba ya samuwa.

Akwai wadda ɗaliban kwamfuta, irin na Jami'ar Abdou Moumouni, za su fi saurin gamuwa da ita, tunda a kan laftof ɗaya akan koyi abin. Idan ka ƙirƙiri kwamfutocin gwaji uku a manhajar VirtualBox, kowace takan samu 10.0.2.15 a ƙofarta ta farko. Gungun ya ɗauki wannan ƙofa, sai kwamfutoci uku su gabatar da kansu da lamba ɗaya. Dole ka faɗa wa Kubernetes da Flannel a fili wace ƙofa za su bi.

Ɗauke wuta ma bai bar su ba. A tsari mai sauƙi, kowace kwamfuta tana ajiye lambobin da ta bayar a matsayin ƙananan fayiloli, fayil ɗaya lamba ɗaya. Idan ta mutu ba shiri, ko aka share fod ba ta hanyar da ta dace ba, fayil kan saura alhali mai lambar ya tafi. A hankali jerin ya cika da sunayen matattu, sabon fod ya maƙale yana jiran adireshi, saƙon kuskure ya ce babu sauran lamba, kai kuma kana ganin fod ashirin kacal ke aiki. Gyaran shi ne a gwada fayilolin da jerin fod masu rai, a share na waɗanda babu su.

Gwanin gyara, a shago ne ko a gungu, ba ya fara da kashewa da kunnawa, ko da yake kowa ya san hakan kan yi aiki wani lokaci. Illarsa ita ce yana goge shaidar da za ta nuna inda cutar take. Tambayar farko: na'urar ta samu lamba, kuma daga jerin da ya dace? A salula saitin wifi zai nuna maka, a gungu kuma umarnin kubectl. Idan ta samu, tana iya kaiwa ga maƙwabciyarta? Fod biyu a kwamfuta ɗaya suna jin juna amma na kwamfutoci daban ba sa ji, to laifin yana kan hanyar da ke tsakanin kwamfutocin, sau da yawa katangar tsaro ce ta toshe. Sai a gwada ƙofar fita, sai wata lamba ta waje kamar 8.8.8.8 ta Google. Idan lamba tana tafiya amma suna ba ya tafiya, matsalar ta koma kan DNS, mai juya suna zuwa lamba. Kada a raina wannan mataki. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook, WhatsApp da Instagram sun ɓace kusan awa shida, ba don kwamfutocinsu sun ƙone ba, sai don wani kuskuren saiti ya janye sanarwar hanyoyin da ke kaiwa gare su, har na'urorinsu na DNS suka daina samuwa.

Maganin ƙarancin lamba na dindindin ya daɗe da samuwa. IPv6, wanda aka tsara tun shekarun 1990, adadin adireshinsa lamba ce mai gida 39, kuma tun ƙarshen 2021 Kubernetes ke iya tafiyar da tsarin biyu tare ba tare da an kira shi gwaji ba. Sai dai yawancin akwatunan da ke bangon shagunan Petit Marché har yanzu a kan 192.168 suke, gungu da yawa ma a kan tsohon tsarin ake kafa su. Mai shago zai iya sauya jerin rautarsa cikin minti biyar, salulolin su sake karɓar sabbin lambobi. Mai gungu ba shi da wannan sauƙi: sauya jerin fod ko na hidimomi bayan an fara aiki yakan kai ga sake gina gungun daga tushe. Don haka kafin a buga umarnin farko ake zuwa wajen mai kula da sadarwar ma'aikata a karɓi jerin duk lambobin da ake amfani da su, har da na rassa da na masu shigowa daga nesa, sannan a zaɓi wanda babu kowa a kansa.