Bayan sulhu a Birnin Gwari: Me waya da intanet za su iya yi wa yaran da karatu ya wuce su?

A ƙarshen watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi 'yan bindigar da suka ajiye makamai, ya kuma sake buɗe kasuwar shanu da ta shafe kimanin shekara goma a rufe. Kasuwa kan farfaɗo cikin 'yan makonni, domin da zarar hanya ta yi lafiya fatake za su dawo. Sha'anin makaranta ya fi haka wuya. Yaron da ya bar aji uku yana ɗan shekara tara, in ya dawo yana da sha uku, tsayinsa ya ƙaru amma karatunsa na nan inda ya bar shi, wani lokaci ma ya ja baya.

Dalilin tserewar ba ɓoyayye ba ne. Ranar 15 ga Maris, 2021, 'yan bindiga sun shiga makarantar firamare ta ƙauyen Rama da ke ƙaramar hukumar, suka tafi da malamai uku. Ranar 7 ga Maris, 2024, aka kwashe ɗaliban Kuriga, garin da ke kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari a ƙaramar hukumar Chikun, daga bisani hukumomi suka sanar da kuɓutar da 137. Tsakanin waɗannan shekaru iyalai da dama daga ƙauyukan bakin dajin Kamuku sun yi gudun hijira, makarantunsu suka zama kufai.

Sakamakon haka, malamin da ya tsaya gaban aji a yau zai iya tarar da yaro mai karanta labari a saukaƙe, gefensa wanda bai gama tantance baƙaƙe ba, bayansu kuma wata yarinya da ta yi shekara biyu a wata makaranta a Kaduna. Darasi guda da aka rubuta a allo ba zai ishe su duka ba. A nan ne batun manhajojin intanet da ɗalibi ke aiki da su da kansa ya shigo.

Koyarwar da ta sa ɗalibi a gaba

Masanin ilimi ɗan ƙasar Brazil, Paulo Freire, ya kwatanta tsohon salon koyarwa da ajiyar banki: malami na zuba bayani a kan ɗalibi, ranar jarrabawa ya zo ya ciro. Salon da ya sa ɗalibi a gaba yana farawa ne da gano abin da yaro ya iya a yanzu, sannan a ba shi aikin da ya dace da matakinsa, a bar shi ya gwada, ya yi kuskure, ya tambaya, ya kuma samar da wani abu da hannunsa.

Wani ɓangare na wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo kowane almajiri yana da allonsa da inda karatunsa ya tsaya, ba ya wankewa sai ya kiyaye, kuma gardawa na taimaka wa ƙanana. Makarantar boko ce ta zo da tsarin tafiyar da yara da yawa a shafi guda a rana guda. A Indiya, ƙungiyar Pratham ta ɓullo da hanyar rarraba yara bisa abin da suka iya maimakon shekaru ko aji, an kuma gwada ta da harshen Hausa a jihar Borno, inda rikici ya tarwatsa makarantu shi ma.

Yadda manhajojin ke aiki

A farkon zamaninsa intanet ya fi kama da allon sanarwa, mutum ya karanta ya wuce. Daga farkon shekarun 2000 aka samu dandamalin da mai amfani ke rubutu, yana gyara na wani, yana mayar da martani. Wikipedia ta fara a 2001, manhajar koyarwa ta Moodle ta fito a 2002, Google Classroom kuma a 2014.

Amfaninsu a aji iri uku ne. Na farko, suna auna yaro nan take. Ya amsa tambayoyi goma na lissafi, manhaja ta nuna masa wanda ya kuskure, ta ba shi makamancinsa, malami kuma ya ga jerin waɗanda rabawa ke ba wuya ba tare da ya kwana yana makin littattafai ba. Na biyu, suna barin kowa ya tafi da saurinsa, ya maimaita darasi sau biyar ba tare da jin kunyar 'yan aji ba, abin da ke da muhimmanci ga saurayin da aka zaunar tare da ƙannensa. Na uku, suna mayar da ɗalibi mai samar da ilimi. Ɗaliban sakandare za su iya tattara farashin masara a kasuwa na tsawon wata uku su zana jadawalinsa, ko su naɗi muryar dattawa kan tarihin Kuyello, Randagi ko Dogon Dawa, su tantance, su rubuta. Akwai Wikipedia ta Hausa da masu aikin sa-kai ke ginawa, kuma kowa na iya ƙara mata shafi matuƙar ya kafa hujja.

A Najeriya, babban yunƙurin hukuma shi ne dandalin Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a watan Maris na 2022 tare da UNICEF da kamfanin Microsoft. Yana ɗauke da darussa bisa manhajar karatu ta ƙasa cikin Turanci, Hausa, Yarbanci da Igbo, kuma kamfanin Airtel ya yafe kuɗin data ga masu shiga da layinsa. Ban da wannan, akwai abin da ya riga ya shiga hannun jama'a: saƙon murya na WhatsApp, wanda uwar da ba ta yi boko ba za ta iya saurara ta kuma amsa.

Idan sabis ya ɗauke fa?

Mutanen Birnin Gwari sun san amsar wannan tambaya a aikace. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufai ta sa aka katse layukan sadarwa a sassan jihar da ke fama da 'yan bindiga, ciki har da Birnin Gwari, kuma sai bayan kusan wata biyu aka dawo da su. Duk tsarin koyarwar da ya dogara kacokan ga intanet, a irin wannan rana zai tsaya cik. Ko a lokacin zaman lafiya, ƙauyukan da ke nesa da babban titi na fama da raunin sabis da rashin wutar caji.

Saboda irin waɗannan yankuna aka ƙera manhajojin da ke aiki ba tare da intanet ba. Kiwix na sauke Wikipedia gaba ɗaya a cikin na'ura. Kolibri, wadda ƙungiyar Learning Equality ta fitar a 2017, tana mayar da kwamfuta guda a makaranta ta zama rumbun darussa, wayoyi da sauran na'urori su haɗu da ita a cikin harabar, malami kuma ya riƙa bibiyar aikin kowane yaro. Da farantin sola da batir, makarantar da ba ta da sabis za ta iya amfani da ita kullum, a sabunta darussan duk lokacin da wani ya shiga gari.

Abin da ya faru a Peru

Raba na'ura abu ne mai daɗin ɗaukar hoto, shi ya sa 'yan siyasa ke son sa. Ƙasar Peru ta raba dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci ga 'yan firamare ƙarƙashin shirin kwamfuta guda ga kowane yaro. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012, bayan nazarin makarantun karkara 319 na tsawon wata 15, ya gano cewa yaran sun iya sarrafa na'urar, amma sakamakonsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba. An kawo kaya, salon koyarwa kuwa bai canja ba.

Ma'anar wannan ga Birnin Gwari a fili take. Manhaja za ta nuna cewa yara ashirin ba su gane rabawa ba, amma malami ne zai ware su gefe ya zauna da su. Makarantar da malamanta suka gudu saboda tsoro, ko ba a horar da su ba, kwamfutocinta za su ƙare a ofishin hedimasta cikin ƙura.

Haɗarin da ya keɓanta da bakin daji

Abin da ake yabon waɗannan dandamali da shi, wato buɗe ƙofa ga kowa, shi ne kuma haɗarinsu a wurin da aka mayar da satar mutane sana'a. Hoton ɗalibai da sunan makarantarsu, jadawalin lokacin tashi, ko taswirar hanyar da suke bi zuwa gida, bayanai ne masu amfani ga mai mugun nufi. Tarin na'urori a makarantar da ba ta da katanga shi ma kiran ɓarawo ne. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta tanadi neman yardar iyaye kafin sarrafa bayanan yara. A wannan yanki hankali ma ya isa ya nuna cewa aikin ɗalibai da za a wallafa ya tsaya kan tarihi, noma, itatuwa da harshe, fuskokinsu da wuraren zamansu kuwa su tsaya a rumbun makaranta.

Inda matasa za su matsa lamba

Akwai kuɗin jama'a da aka ware domin irin wannan aiki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba hukumar UBEC kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, wanda jiha ke karɓa in ta ajiye nata kason. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF domin kai sabis yankunan da kamfanoni ba sa ganin riba. Kowace makarantar gwamnati kuma ya kamata ta kasance da kwamitin gudanarwa na al'umma.

Don haka duk ranar da aka zo ƙaddamar da shirin karatun zamani a Birnin Gwari, tambayoyin da suka dace sanannu ne. Malamai nawa aka horar, kuma na tsawon wane lokaci? Darussan na aiki in sabis ya ɗauke? Nawa ne cikinsu da Hausa? Wa zai gyara batir in ya mutu? 'Yan mata na samun rabonsu na lokacin amfani da na'urar? Wa ke riƙe da bayanan yaran? Sannan, bayan shekara guda, yara nawa ne da a da ba sa iya karanta jimla suka iya?

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da suka shiga aji ɗaya a shekarar da aka kai hari Rama yanzu suna bakin shiga ƙaramar sakandare, kuma jarrabawar da ke gabansu ba za ta rage musu tambaya ko ɗaya ba saboda shekarun da makarantunsu suka yi a rufe.