Garwashin Da Ya Daina Hayaƙi Bai Daina Kisa Ba

Da zarar Disamba ta kama, makarantu suka yi hutu, bukukuwan bayan kaka suka kankama, sai magidanta su kwashi iyali daga Katsina, Kano ko Kaduna a nufo gida. Wasu a Kurfi za su sauka, wasu su zarce Dutsin-Ma, wasu kuma sai sun ƙara da mashin zuwa Birchi, Rawayau, Karofi ko Makera. Zumunci ne, Allah Ya ba da lada. Abin da ya ishe ni shi ne irin tarbar da ake yi wa mai goyo idan dare ya yi. A share ɗakin baƙi, a toshe taga da tsumma, a saki labule, sannan a shigo da kaskon garwashi a dire kusa da gado, wai don kada ɗari ya kama yaro. Ka yi magana a ce maka: "Ai sai da muka bari hayaƙin ya ƙare."

Wannan amsar ce nake so mu zauna a kanta, domin ita ce ke sa mutum ya kwanta hankalinsa kwance a ɗakin da zai iya zama ajalinsa.

Gawayi idan yana ci a inda iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana shiga huhu ta manne wa jini, kuma jini ya fi riƙe ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sama da sau 200. Sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abincinsu alhali mutum yana ta numfashi.

Hayaƙin da ake jira ya ƙare, shi ne ma mai yi maka gargaɗi. Shi ke sa ido hawaye, ya shaƙe maƙogwaro, dole ka tashi ka buɗe ƙofa. Garwashin da ya yi jajir ba ya damun ido, amma bai fasa fitar da gubar ba. Mai lulluɓe shi da toka don ya kai asuba kuwa ya ƙara rage masa iska ne, ya sa shi yana ci a hankali, dare guda yana cika ɗaki da abin da ba a gani.

Sai wani ya ce, "Mu haka muka tashi, me ya same mu?" To, a wane irin ɗaki kuka tashi? Ɗakin kakanninmu jinka ce a sama, asabari a ƙofa, iska na ratsawa ta ko'ina. Yau ɗakin baƙi na bulo ne da siminti, ga silin, ga ƙofar ƙarfe, ga tagar gilashi. An canza ɗaki, an bar kasko yadda yake. Sannan waɗanda abin ya ritsa da su a da, wa ya binciki dalili? Cewa ake yi shafar aljanu ce, ko an sa wani abu a tuwon dare, ko sammu. Sau da yawa ma wata baiwar Allah da ta yi girki ce ke kwana cikin zargi, kaskon kuwa a kwashe tokarsa a ajiye don daren gobe.

Yaro ƙarami ya fi kowa shiga haɗari. Jariri na numfashi sau 30 zuwa 60 a minti, babba kuwa sau 12 zuwa 20, don haka shi ke fara shaƙa ya ƙoshi. Babba zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Jariri ba shi da bakin faɗa. Zai yi laushi ne, ya saki nono, barci ya kwashe shi, uwa kuma ta ji daɗi tana cewa ɗumin ya karɓe shi. Mai ciki ma haka, abin da ke cikinta na cutuwa tun kafin ita ta gane.

Kada a ɗauka ƙauyanci ne ke jawo wannan. A Disambar 2024, a Gudauri, wani wurin wasan zamiya kan ƙanƙara a tsaunukan ƙasar Jojiya, an tsinci gawar mutum 12 a ɗakunan kwanansu, 11 daga cikinsu 'yan Indiya, bayan an kunna janareta a cikin gini da wuta ta ɗauke. A Janairun 2022, a Murree ta Pakistan, sama da mutum 20 da suka je kallon dusar ƙanƙara, har da yara, sun mutu a motocin da suka maƙale, da dama saboda sun rufe gilashi sun bar inji yana aiki.  Mu da ke da koyarwar Manzon Allah (SAW) cewa a kashe wuta kafin a kwanta, wane uzuri ya rage mana? Kullum muna faɗin riga-kafi ya fi magani, amma a gaban kasko sai bakinmu ya mutu.

Ga mai shirin tafiya da ƙaramin yaro a wannan hunturu, shirin daga gida yake farawa. A haɗa riguna masu laushi da za a jera biyu ko uku, domin sun fi ƙatuwar riga ɗaya riƙe ɗumi, kuma rana na ɗagawa a rage. A sa hula da safa, a ɗauki bargonku, kada a dogara da na masauki, gidan biki bargo ba ya isa. A tafi da man kaɗanya ko basilin saboda bushewar fata da leɓe. A bar sammako, a jira hantsi jaura ta lafa, a kuma isa da rana tsaka, don tafiyar dare a yankinmu kowa ya san halin da ake ciki. Idan mashin za a hau, a goya yaro a lulluɓe shi daga iska, amma a bar hancinsa a sarari. Garuruwan da ke kusa da madatsar ruwan Zobe da bakin fadama sun fi sanyin asuba, a ƙara shiri.

In an sauka, a ji ɗumin wuta a tsakar gida, a riƙe masu rarrafe nesa da ita. Lokacin kwanciya a fitar da kasko waje a kashe shi. Janareta ya zauna a fili, nesa da ƙofa da taga, ba a zaure ko baranda ba. A bar wata kafa da iska za ta shiga ɗaki. Jariri ya kwana kusa da uwarsa, fuskarsa a buɗe. Wanka kuma a bari sai rana ta yi zafi.

Maigida, wannan aikinka ne. Matarka ba za ta iya duban surukarta ta ce a fita da kaskon da aka kawo don karramawa ba. Kai ne za ka ce, "Inna, an gode Allah Ya saka, mun zo da barguna, bari in kai shi waje." Fushin minti biyar ba ya kashe kowa.

Idan aka wayi gari mutanen ɗaki ɗaya duk suna ciwon kai da amai, ko yaro ya ƙi farkawa sosai, a fitar da kowa fili nan take, a buɗe ƙofa da taga, a nufi asibiti, a kuma gaya wa ma'aikata cewa an kwana da garwashi. Kada a tsaya ɗura manja ko madara, ba sa cire gubar, kuma wanda ya suma yana iya shaƙewa. Addu'a a yi ta a kan hanya.

Ban da garwashi, ƙura da hazo ma na kawo nasu tarin, limoniya kuma ƙwayar cuta ce ke haddasa ta. Yaro mai wata 2 zuwa 11 da numfashinsa ya kai 50 a minti, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 da ya kai 40, ko aka ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, shi ma asibiti za a kai shi a ranar. Limamai da masu unguwanni, ku taya mu faɗar wannan a masallaci da wajen ɗaurin aure kafin sanyin bana ya tsananta. Allah Ya tsare mana zuri'a.